Bishiyoyi Uku na Mama Uzo

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa a ka. Sunayen jikokina ma sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ranar da aka tsayar da ni a gindin bishiyoyin Mama Uzo da butar guba a hannuna, wannan ranar tana nan zaune, ba ta je ko'ina ba. Ku da kuke aikin gandun daji yanzu, masu takardu da babura, kun ce in ba ku labarin aikin da. To ku gyara zama. Ba labarin daɗi ba ne.

Sunana Dije. A unguwar Fegge aka kai ni aure, cikin Anaca, can ƙasar Ibo, mijina yana sayar da albasa a bakin kogi. Da rikici ya tashi muka gudu Arewa kamar kowa, can Allah ya yi masa rasuwa. Bayan an gama yaƙin basasa da shekara biyu na kwaso 'ya'yana uku na dawo, domin a can Arewa zaman cin arzikin dangi nake yi, a nan kuwa ko ba komai na san hanyar kasuwa. Wana da muka taho tare ya wuce Fatakwal neman nasa. Ɗakinmu na da na tarar da wasu a ciki. Limamin masallacin unguwa shi ya haɗa ni da wani dattijo, Baba Tanko, ya ce ana ɗaukar mata leburori a gandun dajin da ke bayan gari.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake a jere, don wanda bai sani ba. A can ƙasa akwai mu leburori. A kanmu akwai helima, shi ne Baba Tanko, mai raba aiki da safe. A kansa akwai gadi, masu kaki da hula, su ne ke zagaya iyakar daji suna kama mai sara. A kansu akwai renja, mai ofis da keke, daga baya aka ba shi babur. Can sama kuma sai babban ofisa daga Enugu, wanda ba ma ganinsa sai sau ɗaya ko biyu a shekara. Da an idar da asuba motar aiki take ɗaukarmu a tashar Upper Iweka. Aikinmu mu mata renon tsiro ne: mu cika baƙar leda da ƙasa, mu sa irin malaina, mu yi ta ba shi ruwa har ya isa dashe. Cewa aka yi da itacen malaina za a riƙa yin takarda.

Baba Tanko ya fi kowa daɗewa. Tun yana saurayi shi ya ja wa Bature sarƙar awo ranar da aka shata iyakar dajin. Ya sha ba mu labari a lokacin hutun rana. Ya ce Bature ya zo da tafinta, ya tara dattawan ƙauye, ya ce zai tsare musu dajinsu don kada ya ƙare. Aka kawo takarda suka dangwala yatsa. Aka bi ana kafa ginshiƙan siminti, layi ya miƙe sambal, bai kauce wa gonar kowa ba, bai kauce wa kabarin kowa ba. Da gari ya waye, wanda ya sari itace a bayan ɗakinsa ya zama ɓarawo. Abin da takarda ta bar musu shi ne tsintar abin da ya faɗo ƙasa: 'ya'yan itace, busasshen reshe, da dodon koɗi.

Baba Tanko ya ce Bature ya bar abu biyu da ba a taɓa canzawa ba. Na farko wani baƙin littafi, inda ya raba bishiyoyin duniya layi biyu. Wadda ake yanka katako da ita, irin loko da maɗaci, tana layin masu amfani. Duk sauran suna layin na banza. Na biyu kuwa doka ce ta aiki: ba a sa ɗan gari tsaron dajin garinsu.

Na ce, "Baba, don me?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, ɗan gari in ya ga bishiya sai ya ga kakarsa a gindinta. Ke da ni itace kawai muke gani. Me kike tsammani ya sa aka ɗebo ni tun daga Zariya?"

Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi, har da ni.

To, a bakin gandun, daf da inda muke renon tsiro, akwai gidan wata tsohuwa, Mama Uzo. 'Yar Ibo ce, amma Hausa a bakinta kamar ta Sabon Gari, domin mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sun daɗe a Kafanchan. Lokacin da nake gudu Arewa ita tana gudowa Kudu. Mijin ya mutu, 'ya'yanta maza biyu sun tafi yaƙi ba su dawo ba, suka bar mata jikoki. Wata rana ta gan ni ina raɓe-raɓe a bayan rumfa ina neman inda zan yi sallar azahar maza ba su gan ni ba, sai ta daka mini kira.

"Ke 'yar Kano! A cikin kashin awaki za ki sa goshi? Shigo nan."

Daga ranar kullum a gidanta nake salla. Ta ware mini buta da tabarma, ta hana jikokinta taka tabarmar. Tana ce mini 'yar Kano ko da yake ni ban taɓa kwana a Kano ba, ni kuma ina ce mata Inna.

A bayan gidanta, taku kaɗan bayan ginshiƙin simintin, akwai bishiyoyin ukwa guda uku. Ku 'yan Arewa da ba ku san ukwa ba, bishiya ce doguwa, ɗanta ya kai ƙatuwar kabewa. Ba a tsinkarsa, sai ya nuna ya faɗo da kansa. A bar shi ya ruɓe, a kai rafi a wanke a fitar da ƙwayar, a dafa kamar wake ko a soya a sayar. Uban mijinta ne ya dasa su tun kafin Bature ya zo da sarƙarsa. Layi ya bi ya raba su da gidan. Ta ce mini lokacin yaƙi, da aka rasa doya aka rasa rogo, bishiyoyin nan uku su suka riƙe ran duk wanda ke gidan. Bayan yaƙi ma su ne gonarta, su ne kasuwarta. Da soyayyen ukwa take ciyar da marayun nan.

Ana nan ana nan, sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, aka kawo mana sababbin motoci da injin yankan itace, aka ce daga sama an ba da umarni: tsohon dajin nan duk a kawar da shi a dasa malaina. Masu katako suka shiga suka kwashe na layin masu amfani. Saura na banza. Su kuwa sun yi yawa, sara ba zai yi ba, sai aka koma wa dabarar Bature, wato guba.

Ga yadda ake yi. Ana kawo wani farin gari a durom mai hoton ƙoƙon kan mutum. A dama shi da ruwa, a zuba bula irin ta wanki don ya yi shuɗi, helima ya gane bishiyar da aka yi wa. Masu gatari su kewaye gindin bishiya da sara a karkace, ɓawon ya buɗe kamar leɓe. Sai mai buta ya bi ya tsiyaya ruwan a cikin saran. Shi ke nan. Bishiya tana tsaye, ba a kayar da ita ba, amma ta mutu. Bayan wata uku ganye ya fara zuba, bayan shekara reshe ya fara karyewa. Ba safar hannu, ba komai. Ku dubi faratan nan nawa, tun lokacin ba su sake fitowa daidai ba. Akuyar da ta lashi gindin bishiyar ba ta kwana.

Da aka zo raba aikin, leburori 'yan Ibo duk aka tura su can wani sashe gyaran hanya. Mu 'yan Arewa aka ware wa gatari da buta. Aka ciro ni daga renon tsiro aka miƙa mini buta mai dogon hanci. Na karɓa. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, kada in yi muku ƙarya. Wata biyu ina bin masu gatari a cikin daji, su sara in zuba, su sara in zuba. Har waƙa muke yi.

Wata Laraba da yamma Baba Tanko yana faɗin aikin gobe, sai ya ce sashen da ke bayan gidan tsohuwar nan za mu shiga. Na ce, "Baba, har da ukwan?" Ya ce duk abin da ba a shafa wa jan fenti ba, alamar a bar shi. Na ruga na duba. Ba fenti a jikin ko ɗaya.

Ban jira mota ba, na nufi ofishin renja. Lebura ba ya shiga ofishin renja sai an kira shi, amma na shiga. Yana zaune yana goge sabon agogonsa. Da Turancin buroka muka yi magana, shi ne abin da ya haɗa mu.

Na ce, "Oga, abeg, ukwan Mama Uzo."

Ya ce, "Me ya same su?"

Na ce, "Gobe za a zuba musu guba. Da su take ciyar da marayu."

Ya jawo baƙin littafin nan, gara ta cinye gefensa, ya buɗe ya juyo mini da shi. Ya san sarai ban yi boko ba. Ya ce, "Nuna mini ukwa a layin masu amfani."

Na ce, "Oga, kai ba ka cin ukwa?"

Ya ce, "Ina ci. Jiya ma shi matata ta dafa. Amma littafin nan ba ya ci."

Na ce ai Baba Tanko ya ce akwai takardar da ta ba su izinin tsinta. Ya ce ƙwarai akwai, kuma ba wanda ya hana ta tsinta. Takarda ta ce ta ɗauki abin da ya faɗo, ba ta ce gwamnati za ta riƙe mata bishiya a tsaye har tashin duniya ba. Sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke 'yar Hausa, me ya haɗa ki da ukwa? Uwarki ce?"

Ku ji fa. Mutumin da aka haifa a ƙasar, wanda ya ci ukwa jiya, shi ke tambayata me ya haɗa ni da ita. Na fito. Bature ya tafi tun shekaru da yawa, amma ya bar littafinsa a kan kujera yana mulki, mutanenmu suna yi masa fifita.

Washegari Alhamis, kafin in fito daga Fegge na ƙulle bula ta wankina a bakin zane. Muka cika butoci a durom kamar kullum. Da muka kai wajen rafi na ce wa Baba Tanko zan zagaya. Na shige bayan wani shuri, na juye gubar duka a ramin gara, na cuɗe butar da yashi sau uku, na cika ta da ruwan rafi, na kwance bula na jefa. Shuɗi ya tashi kamar na gaske.

Muka iso gindin ukwa. Gadi biyu suna tare da mu, saboda an san sashen yana kusa da gidaje. Mama Uzo ta ji ƙarar gatari ta fito, hannunta duk gari. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Ta tsaya a daidai ginshiƙin simintin, domin gadi ya ce in ta ƙetara zai kama ta. Masu gatari suka kewaye ta farko, farin ruwa yana tsatsowa daga saran. Baba Tanko ya ce, "Dije, bismilla."

Na matsa. Sai na ji muryarta a bayana, a hankali.

"'Yar Kano. Ke ce?"

Ban juya ba.

"Da hannun da kike alwala a gidana?"

Na tsiyaya. Na kewaye ta farko, na kewaye ta biyu, na kewaye ta uku. Gadi yana tsaye a kaina, ba halin ko in ƙifta mata ido. Da na ɗago, ta riga ta shige gida. Baba Tanko ya dubi gindin bishiyar, ya dubi butata, ya ce, "Yau ruwan naki ya yi haske." Na ce bula ce ta yi kaɗan. Ya wuce.

Da azahar na je gidan, na tarar da tabarmata da butata a waje, a kan hanya. Na ɗauka na koma bayan rumfa. Kuna iya cewa me ya hana ni gaya mata. Tsoro ne. In ta sani fuskarta za ta nuna, in ta gaya wa mutum ɗaya ƙauye ya ji, in ƙauye ya ji gadi ya ji, a dawo da ta gaske. Na ce bari in haɗiye, ta tsane ni, bishiyoyin dai su rayu. Wata bakwai muna haɗuwa a hanya tana kawar da kai. Jikokinta in sun gan ni sai su tofar da yawu.

Damina ta zo ta wuce. Dajin nan duk ya bushe a tsaye, fari fat, ba tsuntsu ba inuwa, kana tafiya reshe yana faɗowa a bayanka. A tsakiyar wannan maƙabarta sai ga bishiyoyi uku kore shar, saran ya warke ya yi tabo, sun ɗauki 'ya'ya har rassan suna lanƙwasa. Ni a wautata murna nake yi. Ban yi tunanin cewa abu kore a cikin busasshen daji daga nesa ake hango shi ba.

Ƙauye ya ɗauka. Wasu suka ce kakannin mijinta ne suka tsaya mata, 'yan coci suka ce addu'arta ce. Har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo. Sai mutane suka fara bin bayanmu a sababbin sassa, muna zuba guba muna wucewa, su zo da ruwan rafi su wanke saran su liƙe da yumɓu. Magana ta kai Enugu.

Ranar wata Litinin da hantsi babban ofisa ya iso a farar mota. Saurayi ne, bai kai ƙanena ba, an ce a ƙasar Turawa ya yi karatun daji. Aka tara mu duka a gindin ukwa. Ya zagaya su yana taɓa tabon da sandarsa. Ya tambayi renja ko an yi wa waɗannan aiki. Renja ya ce an yi, ga gadi biyu shaida. Ofisa ya ce to ashe wanke su aka yi, kuma wanda ya fara wankewa shi ya koya wa sauran. Aka shiga aka fito da Mama Uzo. Ta ce ita ba ta taɓa su ba. Ya yi mata magana da harshensu, harshen uwarsa, ya ce ta ɓata aikin gwamnati, kotu za ta, kuma daga yau an soke izinin tsinta na ƙauyen gaba ɗaya. Gadi suka kama hannunta suna tura ta bayan mota, tsohuwar da ta haifi kamarsa, ɗankwalinta ya faɗi ƙasa wani ya taka.

Ban san lokacin da na fito daga layi ba. Na ce, "Oga, ku sake ta. Ni ce."

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Renja ya ce lebura ce, mai buta.

Na faɗa masa komai, da ramin gara, da yashi, da bula. Na ce tsohuwar nan wata bakwai ba ta amsa gaisuwata ba, ku tambayi kowa. Na ce, "Oga, ka yi karatu, ni ban yi ba. Ka gaya mini, bishiyar da ta riƙe ran mutane lokacin da gwamnati ba ta riƙe su ba, ita ce ta banza? Wanda ya rubuta littafin nan katako ya zo nema ya kai garinsu. Kai ma garinsu za ka kai?"

Na dubi Baba Tanko ko zai ce uffan. Ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar takalminsa. Shekara da shekaru yana ba mu labarin zaluncin layin nan a lokacin hutu, ranar da ya kamata ya faɗa a gaban mai iko sai takalmi ya kwance.

Ofisa bai yi fushi ba, wannan shi ya fi ƙona ni. Ya ce a saki tsohuwa, izinin tsinta ma a bar musu. Sannan ya juya ya ce wa renja, ba zai bar wurin nan ba sai bishiyoyin nan sun kwanta, domin muddin suna tsaye kowane ƙauye zai ce guba tana da makari. A ɗauko inji.

Aka ɗauko. Abin da uban mijinta ya dasa, abin da ya tsallake Bature ya tsallake yaƙi, kafin la'asar an gama da shi. Ta farko da ta faɗi, ƙasa ta girgiza, 'ya'yan suka tarwatse suna farfashewa, ɗanyu, saura 'yan makonni su nuna. Matan ƙauye suka ɗora hannu a ka. Mama Uzo tana zaune a kan ginshiƙin simintin, ba ɗankwali, tana kallo har ta uku ta kwanta. Da guba aka zuba musu, da sun yi shekara suna mutuwa a hankali, wataƙila ta tsinci na ƙarshe. Dabarata ce ta jawo musu inji.

Na ɗauka korata za a yi. Renja ma abin da ya nema ke nan. Ofisa ya ce a'a, ai hannunta yana da kyau a renon tsiro, kuma ba ta yi ƙarya ba. Laifinta ɗaya ne, ta daɗe a nan har ta saba da mutane. A mai da ita Enugu, inda ba ta san kowa ba. Haka aka rubuta, a ƙarshen wata in tattara. A Enugu na ƙarasa aikina har na yi ritaya.

Ana gobe zan tafi na je yi mata sallama. Na same ta a tsakar gida tana tsintar ƙwaya daga ɗanyun 'ya'yan nan, ƙwayar duk ruwa ce, ba abin da za a yi da ita. Ta turo mini kujera da ƙafa. Ta sa aka kawo mini ruwa. Ni kuwa a raina ina jiran ta rungume ni, ta ce 'yar Kano ashe ke ce. Na zauna ina jiran godiya, ba zan ɓoye muku ba.

Ta ce, "Na ji abin da kika faɗa. Ba don ke ba da yanzu ina gidan yari."

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Na so in tsirar da su."

Ta ce, "Na sani." Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Kafin ki iso bayan gidana, wata nawa kika yi da butar nan?"

Na ce biyu.

"Bayan nan fa?"

Na ce bakwai.

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce, "Akwai wata udala, wato agwaluma, a mashigar rafi, mai rassa biyu. Kin tuna ta?" Na ce na tuna. Ta ce ta wata makauniya ce, da ita ake saya mata magani. Ta ce bishiyoyin ogbono da ke gangaren dutse na gidan maƙeri ne, nan suke binne cibiyar 'ya'yansu. Ta ce goron da ke kusa da tsohuwar rijiya, da shi ake ɗaura auren ƙauyen nan tun ba a haife ta ba. Ta yi ta lissafowa, bishiya da mai ita, bishiya da mai ita, ni kuwa kowacce ina ganin hannuna a gindinta.

Ta ce, "Duk waɗannan ta gaske kika zuba musu."

Na ce, "Inna, ban san suna da masu su ba."

Ta dube ni ta ce, "Kin tambaya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta raka ni har bakin hanya, ta ce Allah ya kiyaye, in gaida yara. Ban sake ganinta ba.

Malainar da aka kashe dajin dominta, ta girma. Na koma wajen bayan shekaru da yawa, zuwa wata jana'iza a Fegge, na ce a bi da ni ta can. Ban ji wanda ya ce ya ga an ɗebe ta zuwa yin takarda ba. An sare rabi an yi itacen girki, sauran filin an yanka shi fuloti-fuloti, manya sun kewaye da katanga da waya. Layin da ya hana tsohuwa taku biyar zuwa gindin bishiyarta, da masu kuɗi suka zo sai ya matsa musu da kansa.

To ku 'yan baya, ga abin da aikin nan ya koya mini. Na yi fushi da Bature mai littafi, na yi fushi da renja, na yi fushi da ofisa, na yi fushi da Baba Tanko, Allah ya jiƙansa. Duk sun cancanta, kuma ban huce ba. Amma su ba su taɓa riƙe buta ba. Aikin nan tun asalinsa a kan hannun baƙo aka gina shi, wanda zai shiga dajin mutane ya ga itace kawai. Duk ranar da aka ɗauke ka aka kai ka inda ba ka san kowa ba, aka ba ka kaki da takardar umarni, kada ka ɗauka don ƙwazonka ne. Kafin ka sa fenti, kafin ka ta da inji, ka ajiye littafin, ka shiga gida mafi kusa ka yi sallama, ka nemi tsohuwar gidan ka ce, Inna, wannan ta wace ce? Za ta gaya maka. Babu bishiya ɗaya a dajin nan da ba ta da mai ita.

Ni uku kawai na san mai su. Sauran ban tambaya ba, kuma da su zan tsaya gaban Allah.